Kurakuran da muke yi a Zariya idan aikin wani ya taɓa mana ruwa, iska ko ƙasa

Bayan gidanmu akwai wani kududdufi da ya girmi kowa a unguwar. A cikinsa kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina gidajen, kuma shi yake shanye ruwan layi uku duk damina. Wani rani muka wayi gari tifa tana juye ƙasa a cikinsa. Mun yi maganar a majalisa, mun yi ta a ƙofar masallaci bayan la'asar, dattawa sun taka har wajen mai unguwa. Watan Agusta na kamawa ruwa ya shigo ɗakuna, katangar maƙwabcina ta kwanta. Da muka kai kuka ofis, abin da jami'in ya fara tambaya shi ne takardar da muka rubuto tun farko. Muka yi tsuru-tsuru, babu wanda ya iya ɗaga kai.

Wannan kuskuren ya fi kowanne cin mu: koke da fatar baki. Mai unguwa da dagaci da hakimi suna da daraja, kuma ban ce a tsallake su ba. Amma ofishin gwamnati da fayil yake aiki, abin da bai shiga fayil ba kamar bai faru ba ne. Gyaran ba shi da tsada. A rubuta koken a shafi ɗaya, a faɗi wurin, da ranar da abin ya fara, da irin ɓarnar, da abin da ake so a yi. Masu sa hannu su sa, waɗanda ba sa rubutu su dangwala. A yi kwafi uku, kada ɗan aike ya baro ofishin sai an buga wa kwafinku hatimin karɓa da kwanan wata. Sannan a kai wa hakimi nasa kwafin, don ya samu abin riƙewa idan ya tashi magana.

Sai jiran katafila. Mun saba sai an fara tone ƙasa sannan mu tashi, ihu bayan hari ke nan. Tun 1992 Najeriya take da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, wadda aka fi sani da EIA. Babbar hanya, madatsar ruwa, wurin fasa dutse, babbar masana'anta, duk sai an yi nazari an rubuta rahoto kafin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Ana baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su karanta su rubuta ƙorafi, yawanci a sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa da ma'aikatar muhalli ta jiha, kuma ana sanarwa a jarida da rediyo. Kwanakin nan sukan wuce littafin yana ajiye a kan tebur babu wanda ya buɗe shi.

Na san uzurin da ake bayarwa: rahoton da Turanci yake, ga kauri kamar bulo. To, amma a ce Zariya ce ta rasa mai karanta mata takarda? Garin da ke da jami'a a Samaru da Kongo, da cibiyar binciken kimiyyar sinadarai a Basawa? Kowace unguwa tana da ɗalibi ko malami. A ba shi kuɗin mota ya je sakatariyar Zariya ko ta Sabon Gari, ya fara da taƙaitaccen bayanin da ke farkon littafin, ya nemo amsar abubuwan da suka dame ku: ina za a zubar da gurɓataccen ruwa, da wane lokaci za a riƙa tashin nakiya, ta wane layi manyan motoci za su bi, gonar wa da burtalin wa da maƙabartar wa aikin zai ci.

Taron jin ra'ayin jama'a ma muna yi masa riƙon sakainar kashi. A kafa rumfa, a raba lemo, a zagaya da takardar halarta kowa ya sa hannu a watse. Wannan takardar ita ake liƙawa a bayan rahoto a matsayin shaidar cewa an tuntuɓi al'umma. Kafin ku sa hannu, ku nemi a karanta muku abin da aka rubuta a matsayin jawabinku, da Hausa, ku kuma ɗauki hotonsa da waya.

Ku duba kuma su wa ke zaune a rumfar. Sau da yawa babu mace ko ɗaya, babu masu lambun da ke ban ruwa a bakin Kubanni da Galma, babu makiyayi, babu ɗan ga-ruwa. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ke jan guga kullum ita za ta fara jin ruwan rijiya ya canza wari. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya tsorata mu: a cikin gidaje ake niƙa dutsen zinariya, inda mata da ƙananan yara suke yini, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Idan al'ada ta hana mata zama cikin maza, a yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya, a rubuta abin da suka ce a haɗa da na maza.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar takardun gwamnati a matsayin sirri. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman kwafin izinin gini, ko takardar amincewa da rahoton muhalli, ko sakamakon gwajin ruwa da hukuma ta yi, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar tana da kwana 7 ta ba da amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. Idan ta hana, dole ta rubuta dalili. Kuɗin kwafi kawai za a caje ka. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani. A da wasu jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce kaɗai, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu su ma. Abin lura, ka nemi takarda takamaimai da sunanta, kada ka ce a ba ka duk bayanin aikin.

Kai kuka inda ba nan ba ne shi ma yana cinye watanni. Bola da kwata da mahauta, a fara da duba-gari na ƙaramar hukuma da hukumar kare muhalli ta jiha, wato KEPA. Gini a kan magudanar ruwa ko cike kududdufi, sai KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Masana'antar da ke sakin hayaƙi ko ruwan sinadari, a haɗa da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Lasisin haƙar ma'adinai kuwa a hannun tarayya yake. Idan ofis ya yi shiru, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ba ta karɓar ko sisi.

Tare hanya da ƙona taya yakan mayar da mai gaskiya wanda ake tuhuma. Haka zagin mutum da sunansa a Facebook ba tare da hujja ba.

A maganar kotu muna kuskure ta fuska biyu. Wasu sun yanke ƙauna tun kafin su gwada, suna cewa talaka ba ya ja da mai kuɗi. Sashe na 20 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Gaskiya ne shi kaɗai ba ya isa a kafa ƙara a kansa, amma lauyoyi suna haɗa shi da 'yancin rayuwa da kuma sashe na 24 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda ta zama dokar ƙasa a Najeriya. A 2018 Kotun Ƙoli ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta kai ƙarar kamfanin mai na ƙasa kan malalar mai da ta ɓata ruwan wata al'umma, duk da ba ruwan ƙungiyar aka ɓata ba. Ke nan ƙungiyar unguwa mai rajista tana da bakin magana.

Wasu kuma suna zuwa, amma a makare, kuma hannu rabbana. Ƙarar jami'in gwamnati kan aikinsa galibi wata uku doka ta ba ta. Wanda aka hana bayani kwana 30 gare shi ya garzaya kotu. Wasu hukumomin sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a shigar da ƙara. Alƙali kuma ba ya aiki da "kowa ya sani". Yana son hoto mai kwanan wata, katin asibitin yaran da suka yi ta tari ko gudawa, da sakamakon gwajin ruwa daga ɗakin gwaji, wanda ma'aikatansa suka ɗibi ruwan da kansu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ya nemi shawara a sashen koyar da shari'a na jami'a da ke Kongo.

Akwai sauran kududdufi ɗaya a gabashin unguwarmu. Bara da muka ga an kafa turaku a bakinsa, kwana biyu tsakani takardarmu ta isa ofis uku da gidan hakimi, har da dangwalen matan layin. Maganar ba ta ƙare ba har yau, amma tifa ba ta zo ba. Kwafin mai hatimi yana cikin leda a akwatin limaminmu, kuma a ƙarshen kowane wata yaro ɗaya yana zuwa ya tambayi inda fayil ɗin ya kwana.