Yadda ake rainon tsokar darbejiya a kwalba don samun maganin ƙwari

Duk ɗan Katsina ya san darbejiya, a inuwarta muka taso, amma ba kowa ya san cewa sinadarin da ke hana ƙwari cin amfanin gona, azadiraktin, a ƙwallon 'ya'yanta ya fi yawa ba, su kuma 'ya'yan lokacinsu gare su. To ana iya rainon ɗan yankin ganyenta a kwalba ya riƙa yin sinadarin rani da damina.

Abincinta za ka fara haɗawa. Ana ce masa MS, wasu masana biyu, Murashige da Skoog, suka fito da shi a 1962, garinsa ake sayarwa. A lita 1 ta ruwa ka sa garin MS ɗin, sukari giram 30, aga (wani gari ne mai sa ruwa ya yi kauri) giram 8 don ya daskare, da ɗan sinadarin 2,4-D wanda shi ke sa ganyen ya kumbura, ka daidaita pH, wato ma'aunin tsami, a 5.8, sannan ka dafa a tukunyar fireshakuka minti 20.

Sai tsafta, kuma wallahi nan ne ake faɗuwa. Tsinko ganye ɗanye shataf, tsoma shi a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na daƙiƙa 30, sai ruwan bilic minti 10, ka ɗauraye sau 3 da ruwan da ka dafa, ka yayyanka ƙanana kusa da wutar fitila ka kwantar kan abincin ka rufe ruf. Ni na fara nawa da hunturu taga a buɗe, kwana 4 duk kwalaben sun yi furfura, ƙurar nan ba ta da sabo. Zafi ma haka, digiri 25 take so, mu ko a Afrilu muna haura 40, don haka ba na ba ka shawarar farawa in babu ɗaki mai sanyi da sola.

Bayan sati 3 zuwa 4 za ka ga wani farin tsiro kamar dambu ya fito a bakin yankan, shi ne kalus. Duk wata ka canza masa abinci. In ya yi yawa mayar da shi cikin abinci mai ruwa, ba aga, kan injin da ke jijjiga shi dare da rana, sai ka ɗiga masa metil jasmonet, sinadarin da ke sa tsiro ya ji kamar an takura masa, don tsiro sai ya ji an takura masa yake ƙara zuba maganin kare kansa.

Daga nan tace, busar, jiƙa a metanol (wani nau'in sifirit), ka kai leb na jami'a su auna maka yawan azadiraktin ɗin. Na farko kaɗan zai fito, sai ka ware kwalbar da ta fi bayarwa ka ci gaba da ita.