Ga masu shirin hawa Mambila

Jama'a wanda zai je Gembu hutu don Allah ya hau dutsen nan na Mayo Selbe da rana tsaka, kwanonin hanyar ba wasa ba ne, ga hazo yana sauka da yamma ko motar gabanka ba ka gani, a duba birki tun daga Serti. Wajen masauki kuwa ku nemi dakin da hantsi ke shiga, wanda ke cikin kwari damshi gare shi har bargo sai ka ji ya yi sanyi. Kuma ina rokonku kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen daki, hayakinsa yana kashe mutum cikin barci wallahi. A tafi da suwaita da takalmi mai kama kasa saboda yawon gonar shayi ta Kakara, jar kasar nan akwai santsi in an yi ruwa.