Darasi na 9: Idan Doki Ya Tsufa ko Ya Karye

Doki yakan kai shekara 25 zuwa 30 idan ya samu kulawa. Tsufansa daga baki yake farawa. Haƙoran tauna sukan cinye, sai ka ga harawa tana faɗowa daga bakinsa a dunƙule, ka kuma ga ƙwayar dawa a kashinsa yadda ya haɗiye ta. Wannan da sauƙi. A jiƙa masa dusa ta yi laushi, a yayyanka ciyawa ƙanana, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A ɗaure shi a inuwa, ruwa na kusa. Sirdi kuwa a rataye, hawan Sallah ya wuce shi.

Akwai halin da magani ba ya kaiwa. Babba shi ne mummunar karayar ƙafa, musamman idan ƙashi ya huda fata. Mutum zai kwanta a yi masa ɗori. Doki ba ya jure doguwar kwanciya, domin nauyinsa yana danne masa huhu da tsoka. In kuma ya tsaya a kan ƙafa uku, kofaton ƙafar da ke ɗauke da nauyin yakan lalace. Haka ma ciwon cikin da hanji ya murɗe: doki ba ya amai, sai birgima da gumi da harbin ciki.

A nan a kira likitan dabbobi da wuri. Ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, zai tashi?" Idan ya ce babu, kada a ce a bar shi sai kwanansa ya ƙare. Wannan barin ya fi yi wa mai doki daɗi, dokin ne ke shan azabar. Malaman Malikiyya sun halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, don ta huta.

Likita na iya yi masa allura a jijiyar wuya, ya yi barci, numfashi ya tsaya. Naman ya zama guba ke nan. A haƙa rami mai zurfi, nesa da rijiya, a binne shi yadda kare ko ungulu ba za su kai gare shi ba.

Tambayoyi
1. Me ke nuna haƙoran doki sun cinye?
2. Don me ake binne dokin da aka yi wa allurar?