Kurakuran da masu koyon kula da marasa lafiya suka fi yi, da yadda za a gyara

Na farkon tun kafin a shiga aji ake tafka shi, wato zuba kuɗi a makarantar da ba a bincika ba. Makarantun kiwon lafiya na kuɗi sun yi yawa yanzu a Bauchi da Gombe, wata ma gida ne kawai aka shafa wa fenti aka kafa allo. In CHEW kake so, wato kwas ɗin ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara 3 ne, JCHEW, matakin da ke ƙasa da shi, shekara 2, kuma CHPRBN, hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta Najeriya, ce ke ba da lasisi, in ba ta amince da makarantar ba to wlh ka gama ne kawai ka rungumi takarda. Na gwamnati irin ta Ningi da ta Kaltungo kowa ya san su, sauran kuwa ka bincika kafin ka biya ko sisi.

To an shiga firaktikal, nan ne ake yin wanda ya fi ba ni haushi, cika fayil da ka. Ɗalibi ya gaji ko layi ya yi tsawo sai kawai ya rubuta 120/80 a matsayin awon hawan jini bai ko taɓa mutum ba, alhali da wannan lambar likita zai yanke hukunci. Wasu kuma suna aunawa amma ba daidai ba, Baba ya shigo yana haki daga hawan bene nan take an ɗaura masa abin awo a kan hannun riga yana ta ba da labari. A'a. Ka ce "Baba a ɗan huta tukuna", ka ba shi kamar minti 5, a naɗe hannun rigar, hannu ya kwanta daidai saitin zuciya, kuma ya yi shiru. Numfashi ma kar ka ce masa za ka ƙirga don zai canza shi, ka bar yatsunka a wuyan hannunsa kamar har yanzu bugun jini kake ji, idonka na kan ƙirjinsa. Babba lafiyayye numfashi 12 zuwa 20 yake yi a minti.

Sai raina ƙananan ayyuka. Kowa allura da ƙarin ruwa yake so ya koya, ba mai son juya mara lafiyar da ba ya iya motsi, ga shi duk bayan awa 2 ya kamata a juya shi in ba haka ba gyambo ya fito masa a ƙugu da diddige. Kana juyawa ka duba fatar, ka ga wuri ya yi ja ko ya canza launi ka gaya wa sista a take.

Kare kai kuma ana wasa da shi sosai. Mayar wa allura murfi bayan an yi amfani da ita, nan ne mutane ke soke kansu, a jefa ta akwatin allurai kai tsaye. Safar hannu ɗaya daga gado zuwa gado ma kuskure ne, a canza a wanke hannu, mu da zazzaɓin Lassa ke zagayo mana kusan duk rani a Bauchi. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura 3 ce, ka yi ta kafin ka fara shiga wod.

Da maganar waya, don Allah a daina ɗaukar mara lafiya hoto ana sawa a status. Haka in 'yan unguwa sun fara ce maka likita suna kiranka ka zo gida ka sa wa Hajiya ruwa, ka ce musu har yanzu ɗalibi ne kai, ka raka su asibiti.