Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da naman gwari mai taimaka wa shuka jure fari, zafi da gishiri

Idan manomi ya ce ya gwada garin maikoraiza ko tirikodama (nau'o'in naman gwari ne, wato dangin funfuna, masu taimaka wa shuka) bai ga amfaninsa ba, sau da yawa in ka bi diddigi za ka tarar ya ɗauke shi ne kamar takin zamani, alhali abu ne mai rai. Maikoraiza naman gwari ne da ke shiga cikin saiwa ya zauna, ya miƙa zare siriri zuwa lungunan ƙasa inda saiwar ba ta kaiwa, ya jawo mata ruwa da sinadarin fosfaros. Ita kuma shukar ta biya shi da sukarin da ganyenta ke haɗawa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in tsirran doron ƙasa suna yin sa.

Kuskuren farko tun kafin a je gona ake yin sa: a bar buhun a rana ko a ɗaki mai zafi har ƙwayoyin su mutu. A ajiye shi a inuwa mai sanyi, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa. Na biyu shi ne watsa shi a saman ƙasa. Dole ya taɓa saiwa, don haka a cuɗe iri da shi ko a zuba a ramin dashe.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na fosfaros, domin manomi mai himma ne ke faɗawa cikinsa. Ya sa maikoraiza, sannan ya jibga taki mai fosfaros da yawa don shukar ta ji daɗi. To, shuka in ta samu fosfaros a sauƙaƙe, ba ta ga dalilin ciyar da baƙo ba, sai ta rage ba shi wuri a saiwarta. Ranar da fari ya zo, zaren da zai nemo ruwa babu shi. A gwada ƙasa tukuna, a sa takin daidai buƙata. Haka kuma maganin kashe funfuna da ake wanke iri da shi ko ake kwarara wa ƙasa, wasu nau'o'insa ba sa bambanta mai cuta da mai amfani. Huɗa mai zurfi a kai a kai tana tsinka zaren, barin gona tsirara na dogon lokaci kuma yunwa ce gare shi, tunda maikoraiza ba ya rayuwa sai da saiwa mai rai.

Kabeji da danginsa da alayyafo ba sa ƙulla wannan alaƙa da maikoraiza. Masara, alkama, albasa da tumatir suna yi.

Akwai kuma masu ɗauka kowane naman gwari maganin kowace matsala ne. A gandun Yellowstone na Amurka akwai wata ciyawa da ke tsirowa a ƙasa mai zafi kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi. A gwaji, da naman gwarinta mai suna Curvularia protuberata ta jure zafin da ya kai 65 a ma'aunin Salshiyas. Da aka raba su, kowannensu ya kasa wuce 38. Wannan baiwa ta nau'in ce da muhallin da ya saba da shi, saboda haka a tambayi mai sayarwa wane nau'i ne a buhun, kuma a kan wane amfanin gona aka gwada shi.

A ƙasa mai gishiri, naman gwarin yana taimaka wa shuka ta rage shan sodiyam, sinadarin gishiri da ke cutar da ita, ta riƙe fotashiyam da take buƙata, amma gishirin yana nan inda yake. Sai an gyara magudanar ruwa an wanke shi ƙasa da ruwa mai daɗi.

Kada a jira ganye ya fara yaushi kafin a sa shi, domin yana buƙatar makonni kafin ya kama saiwa. A sa shi ranar shuka, a kuma bar kunya biyu ko uku ba a sa musu ba, don a kwatanta lokacin girbi.