Yadda Za Ka Bi Sawun Tattalin Arzikin Ƙasa Daga Gona Zuwa Bakin Teku

Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa ƙasashen Afirka da yawa suka kasa tsayawa da ƙafafunsu bayan samun 'yancin kai, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya zaɓi ƙasa ɗaya da haja ɗaya da take sayarwa a waje, ya bi ta tun daga hannun manomi ko mahaƙi har cikin jirgin ruwa, yana tambaya a kowane zango: wa ya yanka farashi, kuma a aljihun wa riba ta tsaya?

Ka fara da taswirar layin dogo, domin ita ce ke fallasa niyyar waɗanda suka shimfiɗa shi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga baya aka miƙa rassa zuwa Ƙauran Namoda da Nguru, inda ake noma gyaɗa da auduga, kuma dukansu kudu suka dosa, wajen tashar jiragen ruwa. A Jamhuriyar Benin layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya ne a Paraku, bai taɓa shiga Nijar ba, shi ya sa yuraniyom ɗin Arlit da ke arewacin Nijar, wanda aka fara haƙa a 1971, ya daɗe yana tafiya a manyan motoci kafin ya hau dogo. Idan ka ga layukan ƙasa duk sun fuskanci teku, babu wanda ya haɗa ta da maƙwabciyarta, ka san an gina ta ne don kwashe kaya, ba don ciniki tsakanin jama'arta ba.

Daga nan sai ka tsaya a bakin sikeli, inda ya kamata ka fi daɗewa. Manomi ya kawo buhunan gyaɗarsa a kan jaki, ɗan baranda ya tare shi, an auna, an biya shi farashin da ba shi da ta cewa a kai, ga kuma haraji na jiran sa wanda dole sai da tsabar kuɗi ake biya. A 1947 Turawan Ingila suka kafa hukumomin sayen koko a Gana da Nijeriya, a 1949 kuma aka yi na gyaɗa da auduga da kwakwar manja a Nijeriya. Hujjarsu ita ce za a riƙa ajiye rara a shekarar tsada don a tallafa wa manomi a shekarar araha. Abin da za ka bincika shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka biya manomi da abin da aka sayar a Turai, sa'an nan ka tambayi inda rarar ta shiga. A nan za ka tarar da abin da masu ɗora wa Bature laifin komai ba su cika son ji ba: gwamnatocin 'yan ƙasa sun gaji waɗannan hukumomi, suka riƙe su hannu bibbiyu. Wani kaso ya gina makarantu da hanyoyi, wani kuma ya zurare zuwa harkar jam'iyya, kamar yadda binciken da aka yi a Jihar Yamma ta Nijeriya a 1962 ya nuna. Sai a 1986 aka rushe su a Nijeriya, lokacin da man fetur ya riga ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, dalar gyaɗa kuma ta zama tarihi.

Bayan haka ka duba abin da ya biyo bayan faɗuwar farashin hajar. Koko ya yi mummunar faɗuwa a 1965, a watan Fabrairun 1966 sojoji suka kifar da Kwame Nkrumah, shugaban Gana, ƙasar da ta dogara da koko. Zambiya, wadda kusan duk kuɗin da take samu daga waje na tagulla ne, ta shiga cin bashi bayan farashinta ya karye a 1975, har sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka kai ta ga janye tallafin garin masara, abin da ya haddasa tarzoma a garuruwan haƙar tagulla a ƙarshen 1986. Ka haɗa da batun kuɗi: a ƙasashen sefa, an karya darajar kuɗin da rabi a watan Janairun 1994, sai duk abin da ake shigowa da shi, daga magani zuwa takin zamani, ya yi tashin gwauron zabi.

Kada ka rufe bincikenka sai ka gwama ƙasar da wata wadda ta gaji irin wannan hali amma ta bi wata hanya dabam. Botsuwana ta sami 'yanci a 1966 tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, gwamnatinta ta yi ciniki da kamfanin De Beers har ta mallaki rabin kamfanin haƙar, ta kuma riƙa ajiye rara. Har yau ta dogara da haja ɗaya, kuma rashin aikin yi na damun matasanta, saboda haka ka rubuta abu biyu a kanta: sharuɗɗan yarjejeniyar da ta ƙulla, da kuma yawan lu'ulu'un da ake gogewa a cikin gida kafin a fitar.