Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa zama na musamman a taron lissafin kwamfuta

Idan aka ɗora maka haɗa zama mai maudu'i guda a cikin babban taron lissafi, to ka sani masu magana huɗu za ka haɗa su yi hira ɗaya, ba wai kowa ya zo ya karanta takardarsa ya ɗauki satifiket ya wuce ba. Yawancin matsalar daga nan take farawa.

Sai ka ga mutum ya sa take mai faɗi kamar filin Murtala, wai "hanyoyin lissafi da kwamfuta da amfaninsu". To me ya rage a waje? Shi ya sa na farko zai yi magana kan Runge-Kutta, wata dabarar warware lissafi da kwamfuta, na biyu kan yaɗuwar maleriya, na uku kan tsaron bayanai, babu mai iya yi wa wani tambaya. Ka matse taken ya koma tambaya ɗaya, misali yadda za a yi hasashen ambaliyar Kogin Kaduna alhali ma'aunan ruwan sama ba su cika ba, kuma mai magana na farko ya shimfiɗa matsalar ga waɗanda ba 'yan fannin ba kafin sauran su shiga zurfi.

Sai kuma cika zaman da 'yan gida, oga da ɗalibansa uku, duk daga sashe ɗaya. Wannan semina ce ta dipatmen kawai aka canza mata ɗaki. Ƙungiyar SIAM ta Amurka ma, wato ta masana lissafin da ake aiki da shi a masana'antu da kimiyya, a ƙa'idarta ba ta son zaman da yawancin masu magana daga wuri guda suke. Mu kuwa ba mu da uzuri, ga jami'ar jiha KASU ga makarantar horon sojoji NDA ga Kadpoly a cikin garin Kaduna, ga ABU a Zariya, ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja, kuma in ka samu injiniya ɗaya mai aiki da irin wannan lissafin a fili ka sa shi, tambayoyinsa sun fi kaifi.

Kuma don Allah a daina ɗaukar "in sha Allahu zan zo" a WhatsApp a matsayin an gama. Ka karɓi take da taƙaitaccen bayani a rubuce, ka faɗa masa ƙarara cewa gayyata ba ta nufin an yafe kuɗin rajista ko za a biya masauki, saboda mai neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, yana buƙatar wasiƙa tun da wuri. Ka ajiye mutum ɗaya na ko-ta-kwana.

Amma lokaci shi ne inda aka fi jin kunya. Tsarin SIAM awa 2 ne, mutum 4, kowa minti 25 sai minti 5 na tambaya, mu kuma sai a cusa mutum bakwai, Farfesa ya cinye minti arba'in yana rubuta hujja layi-layi, shugaban zama ɗalibinsa ne ba zai iya buɗe baki ba, ƙarshe yarinya mai digiri na uku da ta taso tun asuba a ce mata "ki taƙaita a minti biyar". Ka faɗi dokar a gaban kowa tun farko, ka riƙe kwali mai nuna saura minti 5 da mai nuna saura minti 1 kana ɗagawa, in lokaci ya cika ka miƙe tsaye ka ce "Ranka ya daɗe, sauran sai wajen shayi." Ba raini ba ne. Kuma ka nemi wanda zai iya faɗin hakan ya shugabanci zaman.

In wani bai zo ba kar ka jawo na bayansa gaba, akwai masu tahowa daga wani ɗakin suna bin jadawali, za su tarar an gama abin da suka zo ji. Bar gurbin a yi muhawara. Jadawalin ma ka duba shi da Azahar da La'asar, ranar Juma'a kuwa duk abin da ka sa daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi kujeru za ka yi wa.

Sai masu son kunna manhajar lissafi irin su MATLAB ko Python kai tsaye a gaban jama'a. Wuta ta ɗauke, kafin janareto ya tashi furojekta ta huce ta dawo minti biyar sun tafi. Kowa ya gudanar da lissafinsa a gida ya zo da hotunan sakamako ko ɗan bidiyo, silaid kuma a mayar PDF don kar alamomin lissafi su rikice a wata na'urar, a tara su a laftof ɗaya tun ana gobe zaman, a gwada wayar HDMI a ɗakin da za a yi zaman, ba a ofis ba.